Fitilar Golf ɗina ta zama aci-balbal: in sa farin ƙwai ko mai wat 100?

Tambaya: Salamu alaikum Oga. Ina jan Golf 3 doguwa, haya nake yi tsakanin Gumel da Maigatari, ranar Alhamis kuwa ba na baro kasuwa sai bayan isha. Fitilata ta yi sanyi ƙwarai, sai na zo dab da amalanke nake ganinta. Wasu a tasha sun ce in sa farin ƙwan LED, wasu sun ce in sa mai wat 100. Me ya kamata in duba kafin in saya?

Wa alaikumus salam, ƙanena. Gara da ka tambaya kuɗinka na aljihu, domin yawancin masu zuwa rumfata sai sun saya, sun ɗaura, soket ya narke, sannan su zo neman shawara.

Na daɗe ina aikin wayar mota, kuma abin da na fi gani shi ne ana ɗora wa ƙwai laifin da ba nasa ba. Tsohuwar mota in haskenta ya ragu, sau da yawa wuta ce ba ta isa wurin ƙwan, ko madubin cikin gidan fitilar ya dushe, ko kuma fitilar sama take kallo tana haska ganyen darbejiya maimakon kwalta. Ka sa sabon ƙwai a kan ɗayan waɗannan, ka yi wa mai ciwon ciki maganin ciwon kai.

Fara da wutar, don ita ce ta fi cin mutane. Ka sa riwaya ya tayar da motar, ya kunna fitila, ya ɗora mita a kan batir. Altaneta mai lafiya za ta ba da tsakanin bolt 13.8 zuwa 14.4. Daga nan ya kai mitar bayan ƙwan, a kan soket, fitila na kunne. In bambancin da ke tsakanin wurare biyun ya wuce rabin bolt, to wutar tana zubewa a hanya. Na sha auna Golf irin taka in samu 14 a batir, a soket kuwa da ƙyar ta kai 12. Mai mota zai ce bolt biyu ai ba komai ba ne. Ƙwan halojin, wato ƙwan mota na gama-gari mai zare a ciki, bai san wannan lissafin ba. In wutar ta ragu da kashi goma cikin ɗari, haskensa yana raguwa da kusan kashi talatin. Wato kana yawo da kashi biyu cikin uku na hasken da ka riga ka biya kuɗinsa.

Ina wutar take tafiya? A irin waɗannan tsofaffin motoci, wutar fitila sai ta taso daga batir, ta shiga cikin mota, ta bi ta akwatin fiyus, ta bi ta makunnin da ke dashbod, ta bi ta sandar da kake ja ka ba da ful, sannan ta juyo ta koma gaba. Motarka an ƙera irinta ne a shekarun 1990, ka ga kowace mahaɗa a wannan doguwar hanya ta sha ƙura da damina wajen talatin. Ga kuma wayar da ke ɗaure a jikin bodi, wadda wuta ke komawa ta cikinta. In tsatsa ta ci wurin da aka ɗaure ta, za ka ga ido ɗaya ya fi ɗaya haske, ko ka kunna sigina fitila ta riƙa lumshewa tare da ita. Kwance notin, a kankare wurin da sanfefa har ƙarfe ya fito fari, a mayar a ɗaure tamau. Wannan aikin minti goma ne, kuma na ga direbobin da suka rantse ƙwai na canza musu bayan na yi shi.

Maganin doguwar hanyar kuwa shi ne rile. A ja waya mai kauri kai tsaye daga batir, a sa mata fiyus ɗinta kusa da kan batir ɗin, a sa rile biyu, ɗaya na dim ɗaya na ful. Tsohon makunninka sai ya koma ɗan aike kawai, ya taɓa rile, rile ya saki wuta daga batir zuwa ƙwai ta gajeriyar hanya. In da za a ce in zaɓi abu ɗaya tak da zan yi wa Golf 3 don ta gani da daddare, wannan zan zaɓa. Sai dai ka tsaya a kan riwayan ya sa fiyus ɗin. Akwai masu tsallake shi don sauri, ko su naɗa silin waya a madadinsa, ranar da wayar ta goge a jikin ƙarfe kuwa ba abin da zai hana ta kamawa da wuta. Masu Toyota irin Hiace da Hilux su sani da yawansu ta ɓangaren nagetif ake kunna fitilarsu, don haka ɗaurin rilensu ya sha bamban, a kai wa wanda ya san su.

Sai gidan fitilar kansa. Golf 3 ta asali gilashin gaske ne a fuskarta, mai zane-zane a jiki, kuma zanen nan ba ado ba ne, shi ke rarraba haske a kan hanya. Ba ya yin jaja-jaja kamar robar da ke fuskar Corolla, wadda rana ke dafawa har ta koma kalar ruwan shayi. Ita robar ana wanke ta da sanfefa mai laushi da ruwa, a tashi daga lamba 1000 zuwa 2000 ko 3000, a goge, sannan a fesa mata abin kariya, in ba haka ba kafin wata damina ta sake komawa gidan jiya. Man goge baki da yara ke shafawa a wurin wankin mota na 'yan kwanaki ne. Kai naka abin dubawa yana ciki. Leƙa ta gilashin da rana ka kalli kwanon nan mai walƙiya da ke bayan ƙwan. In ya yi toka-toka, ko ya yi baƙi ta sama daidai saitin ƙwan, ko ka ga alamar ruwa ya taɓa kwanciya, to madubin ya mutu. Kada ka bari a sa tsumma a goge shi, fatar azurfar nan ta fi fatar albasa sirantaka, tana bin tsumman ta fita. Madubin da ya mutu ba ƙwan da zai tashe shi. Gara ka shiga kasuwar Kofar Ruwa a Kano ka nemo gidan fitila na Beljiyam mai lafiya, ko da ya fi sabon na kwali tsada.

In za ka sayi na Beljiyam ɗin, ga wani abu da ba kowa ke lura da shi ba. Mu tun 1972 muka koma tuƙi a hannun dama. Fitilar da aka yi don ƙasa irin tamu, hasken dim ɗinta a kwance yake ta hagu, ta dama kuma ya ɗan ɗaga don ya haska maka gefen hanya. Wadda aka cire daga motar Ingila ko Japan akasin haka take, ta hagu take ɗagawa, wato daidai idon wanda ke tahowa. Motocin da aka juya wa sitiyari da yawa an bar su da fitilunsu na asali, masu su na mamakin me ya sa kowa ke ba su ful a hanya. Haska ta a bango kafin ka biya, ka ga ta wane gefe ta ɗaga.

Bangon nan dai shi zai gaya maka saiti. Nemi fili shimfiɗaɗɗe bayan magariba, bangon makaranta ko na sito, ka tsayar da motar mita 10 daga jikinsa, tayoyi da iskarsu daidai. Auna daga ƙasa zuwa tsakiyar fitilar, ka je ka ja layi da gawayi a bango a wannan tsayin. Kunna dim. Bakin hasken, inda haske ya yanke duhu ya fara, ya kamata ya sauka ƙasa da layinka da kamar santimita 10 zuwa 12. In ka duba saman gidan fitilar sau da yawa za ka ga an rubuta 1,0% ko 1,2%, abin da ake nufi ke nan. Akwai sukurori a baya, na sama da ƙasa da na hagu da dama. Amma kai ɗan haya ne, dole in ƙara maka wannan: saitin da aka yi mota ba kowa ba shi ne saitin ranar Alhamis ba. Ka zuba mutum huɗu a baya, ka danna buhunan gero da riɗi a but har ƙofa ba ta rufuwa sai da igiya, bayan motar ya zauna, hancinta ya ɗaga. Dim ɗinka ya zama ful a idon mai zuwa, kai kuma gabanka duhu. Golf da yawa da suka zo daga Jamus suna da ɗan gare-gare kusa da makunnin fitila mai lamba 0, 1, 2, 3. Don lodi aka yi shi, yawan nauyi yawan lamba. Na tambayi direbobi da dama amfaninsa, wani ya ce mini ai na ƙarar rediyo ne da ya lalace.

To, yanzu mu zo kan ƙwan.

Kafin komai cire naka ka karanta abin da aka rubuta a gindinsa. Golf 3 mai ƙwai ɗaya a kowane ido H4 take ɗauka, mai ƙafa uku, zare biyu a ciki, 60/55, wato wat 60 a ful, 55 a dim. Hiace ma yawanci shi ne. Golf 4 kuwa H7 ce a dim, H1 a ful. Corolla 'yar Amurka ta 2003 zuwa 2008 tana ɗaukar 9006 da 9005, Camry ta 2007 kuma H11 da 9005. Ba a dannawa da ƙarfi, ba a fere kunnen ƙwai da filaya don ya shiga. Ka kuma duba an rubuta 12V. Na manyan motoci 24V ne, 75/70, ƙafarsa iri ɗaya da naka, zai shiga lafiya lau ya ba ka hasken kyandir. An taɓa kawo mini wata mota an canza mata altaneta an canza batir saboda rashin haske, ashe ƙwan tirela aka sayar wa mai ita.

Mai wat 100 da aka ba ka shawara, ga lissafinsa. Ƙwai mai wat 60 yana jan kamar amfiya 5. Mai wat 100 yana jan sama da 8. Ido biyu ke nan ka tashi daga 10 ka koma kusan 17, a kan wayar da tun farko ba ta iya kai 10 ɗin lafiya. Abin da ke biyo baya na san shi kamar yunwar cikina: soket ya yi baƙi ya narke, sandar ful ta fara ɗaukar zafi tana wari, fiyus ya riƙa tsinkewa, a gaji a sa babba, daga nan sai wayar kanta ta zama fiyus. Zafinsa kuma yana ƙona madubin ta sama, ga shi ba ya daɗewa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ban hana wanda ya sa rile da soket na tangaran ya gwada ba, amma ni ba na ɗaura shi a motar haya.

LED kuwa magana ce mai tsawo, don ba ƙarya ba ne gaba ɗaya. Motocin da aka ƙera da shi tun daga kamfani haskensu ba a magana. Matsalar ita ce cusa shi a gidan da aka gina don halojin. Madubin fitilarka an lanƙwasa shi ne a kan wani ɗan zare guda, mai tsawon 'yan milimita, da ke zaune a wuri ɗaya tak yana ba da haske ta kowane gefe. A H4 har da wani ɗan cokali a ƙarƙashin zaren dim, shi ke tare hasken da zai tashi sama. Ƙwan LED allo ne mai fuska biyu da 'yan ƙwayoyi a manne. In ƙwayoyin ba su zauna daidai inda zaren yake ba, ko allon ya yi kauri, ko an yi masa fuska huɗu kamar yadda ake yi wa na araha, madubin sai ya watsa hasken ko'ina. Kai da ke ciki za ka ga gaban bamba ya yi fari fat kamar an kunna janareto a gidan biki, ka ce alhamdu lillahi. Amma wannan farin na kusa shi ke sa ƙwayar idonka ta tsuke, can nesa inda amalanken take sai ya ƙara duhu. Wanda ke tahowa kuwa ka kashe masa ido, kuma a siririyar hanya wanda ka makantar kanka zai yo, ko ya hau ɗan babur ɗin da ke gefensa ba fitilar baya. A Jamus inda aka ƙera motarka, sai a 2020 aka fara halatta irin wannan ƙwan a gidan halojin, shi ma ga jerin motocin da aka gwada shi a cikinsu ɗaya bayan ɗaya.

Kada lambar jikin kwali ta ruɗe ka. Da lumen ake auna yawan haske, H4 na gaskiya yana ba da lumen 1,000 a dim, 1,650 a ful. Sai ka ga ɗan kwali an rubuta dubu ashirin ko dubu hamsin, da wat ɗari uku. Na sha ɗora irinsu a mita in ga amfiya biyu suke ja, wato wat ashirin da 'yan kai. Takarda ba ta ƙin tawada.

Ga kuma abin da ya shafe mu mu na karkara. LED ta baya yake fitar da zafinsa, shi ya sa ake manna masa 'yar fanka ko ƙarfe mai haƙora. Gindin nan yakan yi girma har murfin bayan fitila ya ƙi rufuwa, sai a cire murfin a jefa a but. Ka bi hanyar burji sati biyu da hunturu, ƙura ta shiga ta kwanta a kan madubi, damina ta zo ruwa ya bi. Fankar ma ƙura ke cushe ta, ta tsaya, ƙwan ya yi zafi ya rage haske da kansa ko ya fara ƙyaftawa. Wasu kuma da ka kunna su rediyon motar sai shuuu, ka rasa tashar da kake ji.

Launi ma abin dubawa ne. Da lambar K ake auna launin haske, halojin yana wajen 3,200K, ɗan ja-ja. Yawancin LED na kasuwa 6,000K ne zuwa 6,500K, fari mai shuɗi-shuɗi. A cikin gari yana da kyan gani. A cikin hazon Disamba da Janairu, ko ƙurar da garken shanu ya tayar a hanyar Maigatari, farin nan dawo maka yake yi a fuska kamar ka haska farin bango, ido ya gaji da wuri. Mai ɗan ruwan ƙwai ya fi sauƙi a ido. Faransa ta daɗe tana tilasta wa motocinta fitila ruwan ɗorawa, sai a 1993 ta saki dokar, dattawan da suka ja tsofaffin Fijo za su tuna. Ƙwan halojin da aka shafa wa shuɗin fenti don ya yi kama da na zamani kuwa, fentin rage haske yake yi, kuɗi ka biya aka rage maka.

In duk da haka zuciyarka na kan LED, to ka nemi mai siririn allo, fuska biyu, ƙwayoyinsa ƙanana a jere kamar zaren, mai ɗan marfi a kan na dim, launinsa kada ya wuce 4,300K zuwa 5,000K, kuma murfin baya ya rufu. A ɗaura shi ƙwayoyin na kallon hagu da dama, ba sama da ƙasa ba. Sannan a yi gwajin da ba ya ƙarya: a sa shi a ido ɗaya, a bar halojin a ɗayan, a koma bangon nan. In bakin haskensa ya yanke sarai a layi ɗaya da na halojin, ya ci. In ya watsu ya haura sama, mayar wa mai shago. Ka yi wannan sharaɗin da shi tun kafin ka miƙa kuɗi. Ka kuma taka ƙafa ka yi nisa kamar taku hamsin, ka durƙusa daidai tsayin mai zaune a mota, ka kalli motarka da kanka.

Zenon, ƙwan nan mai gas a ciki ba zare ba, ba zan ɓata maka lokaci a kansa ba. Wat 35 yake ci ya ba da lumen wajen 3,200, amma sai da gida mai ƙwayar ido da aka yi dominsa, akwatinsa kuma yana harba sama da bolt 20,000 wajen tashi. A gidan Golf 3 makantar da jama'a kawai zai yi.

Abin da zan sa a motarka da tawa ce: H4 60/55 na kamfanin kirki, Osram ko Philips. Suna da waɗanda aka rubuta wa +100 ko +150, wat ɗinsu bai ƙaru ba, zaren aka matse aka ƙara masa haske, sai dai sun fi na gama-gari saurin mutuwa, balle a hanya mai gargada. Jabunsu ya cika kasuwa, don haka ka duba zaren a miƙe yake a tsakiya, gindin ba ya girgiɗi, rubutun ba ya gogewa da yatsa. Canza biyun tare, don tsohon ƙwai yana dushewa tun kafin ya mutu. Kada ka riƙe gilashinsa da hannu, maiƙon yatsa yana sa wurin ya yi zafi ya kumbura, riƙe shi ta gindi ko da takarda. Ka tabbata kunnuwansa uku sun faɗa gurbinsu kuma ƙarfen da ke danne shi yana nan, ba tsinken ashana da robar tayar keke ba. Ƙwan da ya karkace da kaurin ƙwayar gero ya isa ya ɓata duk saitin da aka yi.

Wani abu kuma da ba na mota ba. Gilashin gabanka in waifa ta kakkarce shi, ko maiƙo ya kwanta ta ciki, kowace fitila ta zo sai ta tarwatse maka. Wanke shi ciki da waje. In kuma ka ga duk an gyara amma fitilun mutane na yi maka bakan gizo, je asibitin ido a duba, yanar ido takan fara nuna kanta da daddare. Ka kuma riƙe wannan lissafin: dim mai lafiya ba ya wuce mita 50 zuwa 70, mota a gudun 100 kuwa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa guda, kafin ka gani ka taka ta tsaya ka ci wajen mita 80. Amalanke ba ta da danja, baƙin sa ba ya walƙiya.

In za ka kawo ta a duba, kada ka zo da rana. Ka zo gab da magariba, a auna wutar da sauran haske, in duhu ya yi mu juya ta bango. Ka taho da buhu biyu ko uku a but, ko ka ɗebo 'yan tasha su zauna a baya, don a yi saitin a kan nauyin da take ɗauka. Tsofaffin ƙwayayen kuma kada ka yar, naɗe su a takarda ka ajiye a aljihun dashbod tare da fiyus biyu na amfiya 10.